Fuskar Saje Pilo

Ƙanena Teroy shekararsa ashirin da biyu yana aiki a shagona, kuma duk tsawon shekarun nan abu ɗaya na yarda ya taɓa da fenti, shi ne gajimare. Waliyyan katako da masassaƙan garinmu suke kawowa, ni nake yi musu fuska, ni nake sa musu ido da hawaye. Shi kuwa nasa shi ne ya shafa fari da ɗan shuɗi a kan gajimaren da suke tsaye a kai. A nan baiwarsa ta tsaya cak. Amma in ka ji shi yana zuba a shagon askin Mang Peping da ke tsallaken titi, sai ka rantse shi ya koya mini riƙe burushi.

Ranar Asabar kafin Makon Ista, waliyyai goma sha huɗu sun yi layi a shagon suna jiran gyaran fuska kafin a zaga gari da su, sai ga Lolo Pilo, wato Kaka Pilo, yana dogara sanda. Tsohon sajen soja ne, shi kaɗai ya rage a garinmu cikin waɗanda suka je yaƙin Koriya. Tsufa ya tsotse shi ya mai da shi ɗan ƙaramin mutum mai taushin fuska, har matan coci suke ba shi jakunkunansu ya riƙe musu in za su shiga addu'a. Ya buɗe wani gwangwanin sabulu ya miƙo mini. A ciki akwai ɗan sojan dalma, tsawonsa bai wuce babban yatsana ba, da hular kwano da doguwar kwat da bindiga a hannu, ko ɗigon fenti babu a jikinsa. Jikansa ne ya aiko masa daga ƙasar waje.

Ya ce, "Luming, ranar Alhamis ce ranar 'yan mazan jiya. Magajin gari zai kafa teburi a farfajiyar coci. So nake a ɗora wannan a kai da sunana. Ki yi masa fuskata ta wancan lokacin."

"Wace iri ce fuskar, Lolo?"

"Irin wadda in mutum ya gani zai gyara tsayuwa. Garin nan duk wanda ya gan ni sai ya ce in zauna kar in faɗi. Sau ɗaya dai nake so su ga soja."

Na nuna masa layin waliyyai, na ce ya yi haƙuri sai bayan Ista.

Ya ce, "Ke za ki tsaya mini in kai baɗi?"

Tausayinsa ya kama ni. Kafin in ba shi amsa Teroy ya kutso kai, kuma har yau ina jin haushin kaina da ban yi saurin buɗe baki ba.

"Ate," ya ce, don haka ake kiran yaya mace a wajenmu, "bar mini shi. Aikin soja sai namiji."

A makon nan aka kawo masa wasu sababbin burushi guda uku daga Manila, babban birnin ƙasarmu, cikin ɗan akwati mai jan ƙyalle, ya ishe mu da su ko abinci ba ma ci da daɗi. Nan take ya buɗe wa tsoho akwatin. Wai gashin daga jelar wata dabba aka tsinko shi a Rasha, dabbar da ba ta yarda a taɓa jelarta sai a tsakiyar sanyi, shi ma sai namijin. Babban na fuska ne, na tsakiya na kaki, ƙaramin kuwa gashinsa bai fi a ƙirga da yatsu ba, na ƙwayar ido ne. Ya ce in ya gama, magajin gari kansa sai ya sara wa ɗan sojan nan, daga nan kuma masu tara irin waɗannan sojoji za su riƙa zuwa daga Manila suna bin layi, ya buɗe shagonsa, in na yi sa'a ya ɗauke ni aikin gajimare.

Lolo Pilo ya dube ni. Ni kuma na dubi waliyyaina goma sha huɗu. Ya miƙa wa Teroy gwangwanin.

Masu fentin irin waɗannan 'yan sojoji fentin ruwa suke amfani da shi, mai bushewa kafin ka gama shan kofi. Na faɗa masa. Ya ce wannan na 'yan koyo ne, shi da fentin mai zai yi, irin nawa na fuskar waliyyai, wanda yake kwana huɗu yana danƙo. Ya fito da teburi bakin titi don kowa ya gani, ya ɗaura madubin ƙara girma a goshi, ya ɗauki babban burushi. Mang Peping ya bar mutum da rabin aski ya tsallako.

Shafa uku ya yi, burushin ya fara zubar da gashi. Gashin ya manne a haɓar ɗan soja da kumatunsa. Teroy ya sa tsinke zai cire, ya ƙara tura su cikin fenti.

Mang Peping ya ce, "Abokina, ka turo mini shi in ka gama. Gyaran gemu rabin kuɗi nake yi wa sojoji."

"Kai me ka sani? A fagen fama wa yake da lokacin aski?"

"Ni dai shekara talatin ina aske Lolo Pilo, gashi bakwai ne a haɓarsa, na san su da sunansu."

"Sanyin Koriya yana tsiro da gemu. Jeka ka ƙarasa wa mutum kansa."

Ranar Litinin aka shiga kaki da burushi na biyu. Teroy ya taɓa ganin yadda gwanaye suke lasar bakin burushi don ya yi tsini, shi ma ya ɗauka. Abin da bai lura ba shi ne su kafin su tsoma a fenti suke lasa. Kafin rana ta take, leɓɓansa da harshensa sun zama kore shar kamar wanda ya kwana yana kiwo. Mata masu dawowa daga kasuwa suka tsaya suna tambaya ko sabuwar cuta ce ta shigo gari. Ya ce musu tambarin sana'a ne, duk wani babban mai fenti a Turai haka bakinsa yake.

Kwat ta yi kore, amma ta ƙi bushewa. Sai ya kai ɗan sojan gaban fanka a bayan shago, daidai inda maƙwabcinmu yake goge katako. Da ya je ɗaukowa, garin katako ya lulluɓe kwat ɗin tun daga wuya har ƙafa, ta koma ruwan ƙasa, bususu, kamar rigar masu gudun duniya.

Na ce, "Teroy, kawo shi in wanke da kananzir tun abin bai yi nisa ba."

"Ate, ke fa hassada ce take damunki. Wannan laka ce. Kin taɓa ganin soja ya fito daga rami fes?"

Ranar Talata ya yanke shawarar wuta ce maganin danƙo. Ya tafi bakin kasuwa wajen mai wainar bibingka, wadda take gasawa da garwashi sama da ƙasa, ya roƙe ta ta ɗan ɗora masa sojan a gefen murhu na minti biyu. Ya sayi waina guda, ya tsaya yana ba 'yan layi labarin dabbar Rasha. Minti biyu suka zama ashirin. Dalma kuwa ba ta wasa da wuta. Bakin bindigar ya yi laushi ya lanƙwasa ya zama ƙugiya, sak sandar makiyayi. Fentin gefen hular kwano ya kumbura ya ɓare. Takalman suka narke suka haɗe, sojan ya daina tsayuwa da ƙafarsa.

Ya dawo shago yana fito, wai don kar in gane. Ina can ina sa wa wata waliyya gashin ido, na hango shi ta wutsiyar ido yana tsoma burushi a kwalbar ruwan zinariyata, wanda nake yi wa waliyyai kambi da shi. Ya zagaye gefen hular da shi don ya rufe ɓarnar.

"Me kake yi da zinariyata?"

"Hasken rana ne yake dukan hular. Da safe aka kai harin."

"Bindigar fa?"

"Ya buga wa abokin gaba ita a ka."

Na ajiye abin da ke hannuna na miƙe. Na ce ya ba ni sojan ko in fasa masa madubin goshi. Ya cusa shi a aljihun riga ya fice a guje, ya tsallaka titi ya shige shagon aski. Laraba kuma tun da sassafe aka kwashi waliyyai zuwa coci, dole na bi su ina gyara abin da ya goge a hanya. Saboda haka abin da ya faru da ido, daga bakin Mang Peping na ji shi.

Ya ce Teroy ya fito da ƙaramin burushin nan kamar mai zare takobi, ya sa kowa ya daina numfashi. Ya ɗiga ƙwayar ido ta farko, ya ɗiga ta biyu, sojan ya fito da harara-garke, idanun suna kallon juna a kan hanci. Ya goge ya sake. Wannan karon ido ɗaya yana kallon tafkin da ke bakin garinmu, ɗayan yana kallon hanyar Manila.

Mang Peping ya ce masa, "Wannan kam mai gadi ne na gaske, babu ta inda za a ɓullo masa."

Ya sake gogewa, ya tsoma burushin a kofin kofinsa a zaton ruwan wanki ne, ya kurɓi na wankin a zaton kofi ne, bai ko ji bambanci ba don bakin ya riga ya saba. Haka ya yi ta fama har karo na biyar. Sai ya ɗaga kai ya ga kalandar da ke bangon shagon, mai hoton wani waliyyi. A garinmu duk wanda ya tashi a cikin sana'ar nan ido iri ɗaya ya san ana yi: ƙwayar a sama, fari a ƙasa, ana duban Ubangiji. Teroy shekara ashirin da biyu yana kallona ina yin sa. Ya ɗiga, ya ɗiga, kuma a karo na farko a rayuwarsa abu ya fito masa daidai. Saura tsayuwa. Ya lallaɓa shagona ya ɗauko ɗan guntun gajimare na katako, ya manna sojan a kai, ya shafe shi da fari da ɗan shuɗi. Ya ce wa Mang Peping ƙanƙarar Koriya ce.

Ranar Alhamis da hantsi farfajiyar coci ta cika. A gefe ɗaya an jera kekunan da ake ɗora waliyyai a kai, da furanni da kyandirori, mata suna bin su ɗaya bayan ɗaya, kowace da hankicinta, ta shafi ƙafar waliyyi ko hannunsa, ta shafa a inda yake mata ciwo. A ɗaya gefen ga teburin magajin gari da tuta da lasifika, da kujeru ashirin da mutum shida a kai. Lolo Pilo yana zaune a gaba cikin tsohon kakinsa da ya yi masa yawa, lambobinsa uku a ƙirji, an goge su sai walƙiya suke. Tun da nake ban taɓa ganin ya zauna a miƙe haka ba.

Teroy ya iso da farar riga da koren baki, riƙe da abu a lulluɓe. Kafin ya fito ya ɗiga wa idanun man ƙyalli don su yi rai, bai jira ya kama ba. Magajin gari ya gama jawabinsa, ya ce yanzu za a buɗe siffar gwarzon garinmu. Teroy ya karɓe lasifikar ba a ba shi ba.

"Jama'a, masu ciwon zuciya su matsa baya. Abin da za ku gani, ni kaina da na yi shi sai da na ji tsoro."

Ya yaye ƙyallen.

Na sa hannu na rufe bakina. Ga ɗan tsoho mai gemu, cikin riga ruwan ƙasa, da sandar makiyayi a hannu, da zoben zinariya kewaye da kansa, tsaye a kan gajimare, idanunsa a sama. Man ƙyallin nan kuma zafin rana ya narkar da shi, ya gangaro a kumatun hagu, ɗigo ɗaya, yana sheƙi. In faɗi gaskiya, ko ni da nake sana'ar, ban taɓa fitar da hawaye mai kyan wannan ba.

Aling Sioning, shugabar matan addu'a, tana wucewa da ayarinta za su keke na gaba. Ta tsaya. Ta matso da fuskarta dab da teburin. Ta yi alamar gicciye, ta durƙusa a kan gwiwoyin da kullum take cewa ba sa lanƙwasuwa.

Ta ce a hankali, "Kuka yake yi."

Kafin ka ce me, maganar ta zaga farfajiya. Matan suka bar manyan waliyyaina goma sha huɗu da na kwana biyar ina wahala a kansu, suka yo kan teburin magajin gari. Kujeru ashirin suka yi kaɗan. Wata ta dasa kyandir a gaban tuta. Wata ta ce ta gane shi, waliyyin masu ciwon baya ne. Wata ta ce a'a, na ɓatattun awaki ne, ba ga sandar ba.

Teroy ya ce, "Aling Sioning, soja ne fa. Wannan bindiga ce."

"Rufe mana baki, da bakinka kamar na akuya. Ka taɓa ganin bindiga da ƙugiya?"

"Ƙanƙara ce a ƙafarsa."

"Shekara ashirin kana yin gajimare, yau kuma ba ka gane shi ba?"

Ta zaro hankicinta fari. Na yi ƙoƙarin kutsawa ina cewa kar a taɓa, fentin ɗanye ne, amma wa yake jin muryata. Ta ɗora hankicin a fuskar ɗan sojan, ta shafa da imani, ta ɗaga. Fuskar ta tashi gaba ɗaya. A kan teburi sai dalma tsirara a ƙarƙashin hula, a jikin hankici kuwa ga ido biyu suna kallon sama, ga gemu, ga hawaye, babu abin da ya rage. Aling Sioning ta ɗaga shi sama da hannu biyu, mata suka fashe da kuka, wata ta tafi kiran Fada a guje.

Teroy ya ga aikinsa na kwana biyar yana yawo a hankici, ido ya raina fata. Ya fizgi lasifika.

"Ku saurara. Ba waliyyi ba ne. Lolo Pilo ne, ga shi nan zaune. Fuskarsa ce na yi, sak."

Matan suka dubi hankicin, suka juya suka dubi tsohon. Shi kuwa tun da aka yaye ƙyallen bai motsa ba, idanunsa sun ciko don baƙin ciki, ya ɗaga su sama don kar su zubo a gaban mutane.

Aling Sioning ta ce, "Allah mai iko. Ku dubi idon. Shekara da shekaru yana riƙe mana jaka, ashe ba mu san wa muke tare da shi ba."

Hankici fiye da talatin suka fito a lokaci ɗaya. Suka nufo shi, wata tana nufin goshi, wata gwiwa, wata lambobin ƙirji. Aling Sioning ce a gaba, tana cewa, "Zauna abinka, Lolo, kar ka faɗi, shafa ɗaya kawai."

Lolo Pilo ya miƙe ba tare da sanda ba. Ban san inda ɗan tsohon nan mai taushin fuska ya tafi ba. Girar ta haɗe, muƙamuƙin ya fito, jijiyar wuya ta tashi, idanun suka ƙanƙance suka zama kamar bakin ƙusa. Ya ja numfashi ya daka tsawa.

"Kowa ya ƙame!"

Tantabarun hasumiyar coci suka watse. Matan suka sandare da hankici a sama. Magajin gari ya tashi ya haɗe ƙafa, hannu a gefe, tumbi a gaba. Mang Peping, da ko sandar tsintsiya bai taɓa saɓawa ba, ya sara. Fada da ya fito da sauri ya tsaya a kan matakala da ƙafa ɗaya a sama. Ni kaina sai na tsinci kaina a miƙe kamar an sa mini katako a baya. Ƙarfin tsawar ya fitar da haƙoran robar tsohon, suka yi tsalle suka faɗi a kan teburi kusa da gajimare. A garinmu, inda ake yi wa gawa ma dariya in hularta ta karkace, babu wanda ya ko murmusa.

Ya bi layin a hankali, hannu a baya, yana duban kowa ido cikin ido. Ya ce wa Aling Sioning ta ninke hankicinta ta sa a jaka, kuma daga yau ta riƙe jakarta da kanta. Ta ce to, ranka ya daɗe. Ya iso gaban Teroy, wanda yake tsaye, koren leɓensa yana motsi.

"Saje, in ka lura, ai dabarar tawa ke nan tun farko, don jama'a su..."

"Zagaye farfajiya goma. Da gudu. Burushin a baki."

Teroy ya ciji akwatin burushinsa ya kama gudu, ya wuce waliyyai goma sha huɗu, ya dawo ya sake wuce su, mutane suna buɗa masa hanya ba tare da sun juya kai ba. Sai da ya yi zagaye uku sannan tsohon ya ce kowa ya huta, aka ji farfajiya ta saki numfashi a tare.

Ya dawo teburin, ya ɗauki haƙoransa ya goge a hannun riga, ya ɗauki ɗan sojan da babu fuska, ya taho inda nake. Ganin babu sanda a hannunsa, na miƙa hannu zan riƙe shi, na tuna soja ne, na mai da hannuna. Ya danƙa mini sojan, ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Luming, fuskar nan, kin gan ta?"

"Na gan ta, Lolo."

"Ita za ki yi masa. Amma ki sa haƙoran."